Sauya kayan fistol: wanne ake canzawa da ƙidaya, wanne ake jira sai ya nuna alama?

Duk gwajin hannu da aka ambata a nan ana yin sa ne da bindiga wofi. A fara cire magazin, wato gidan da ake jera harsasai, a ja silaid baya, a leƙa ɗakin harsashi da ido, a taɓa da yatsa, sannan a fitar da harsasai masu rai daga ɗakin da ake aikin gaba ɗaya. Silaid shi ne saman fistol da ke ja da baya ya dawo a kowane harbi.

A canza kaya tun suna aiki, ko a bari sai sun lalace?

Tambayar ba ta da amsa ɗaya, domin kayan cikin bindiga ba mutuwa iri ɗaya suke yi ba. Akwai wanda yake gajiya a hankali bisa yawan harbi, kamar sifirin. Akwai wanda yake nuna alama makonni kafin ya gaza, kamar ƙugiyar da ke zaro kwanso, wato ɓawon harsashin da aka harba. Akwai kuma wanda yake karyewa farat ɗaya ba sallama. Don haka kafin a yanke hukunci kan kowane abu, sai a tambayi kai abu uku: shin yana ba da sanarwa kafin ya mutu? Idan ya mutu, bindigar tsayawa take yi cak ko dai ɗan cijewa? Sannan sabon yana shiga kai tsaye ne ko sai an goge an daidaita shi da hannu?

Abin da ba ya sanarwa, mai araha, mai shiga kai tsaye, shi ake canzawa da ƙidaya. Abin da ke sanarwa, ko wanda sai maƙerin bindiga ya zauna ya daidaita shi, ana duba shi ne a kai a kai, a bar shi a wurinsa muddin lafiyarsa ƙalau. Masu cewa rigakafi ya fi magani sun yi gaskiya game da sifirin. Amma wanda ya ɗauki wannan magana ya tuɓe lafiyayyar guduma mai buga allura da mariƙin da ke riƙe ta a ɗane don kawai sun tsufa, garin neman gira yana iya rasa ido.

Me ya sa kullum da sifirin ɗin mayar da silaid ake farawa?

Saboda shi ne ya fi kowa wahala, kuma idan ya gaji ba shi kaɗai yake tafiya ba. Aikinsa biyu ne. Yana rage gudun silaid lokacin da take komawa baya, sannan ya turo ta gaba ta kwaso sabon harsashi daga magazin ta rufe tsaf. Idan ya yi laushi, silaid tana dukan gangar jikin bindigar da ƙarfin da ya wuce ƙima a kowane harbi. Wannan duka shi ne yake taruwa ya tsaga tubalin kulle, ya lanƙwasa fil, ya faɗaɗa ramukan da fil ɗin ke zaune, wani lokaci ma ya tsaga gangar jikin kanta. Abin takaicin shi ne bindigar za ta ci gaba da harbi lafiya a duk tsawon wannan lokaci, mai ita bai san ana yi masa ɓarna ba.

A fistol marar guduma, irin su Glock, akwai ƙarin dalili. A daidai lokacin da silaid ke ƙarasa rufewa, sifirin ɗin allurar bugu, wadda ke dukan gindin harsashi ya tashi, yana ja da silaid baya, wato sifirin biyu suna kokawa da juna. Idan na mayarwa ya yi rauni, ɗan datti kaɗan a ɗakin harsashi ya isa ya hana silaid ƙarasa milimita biyu na ƙarshe. A nan ko dai kunama ta ƙi aiki, ko allurar ta bugi hular harsashi a gefe da rauni, harsashin ya ƙi tashi.

Kuɗin wannan sifirin bai kai na kwali ɗaya na harsashi ba a yawancin bindigogi. Jiran sa ya mutu ba tsimi ba ne.

To bayan harbi nawa ake canza shi?

Littafin kamfanin da ya ƙera bindigar shi ne gaba da kowace magana. Idan bai faɗa ba, ga abin da masu gyara suka saba bi.

Fistol cikakkiya mai harsashin 9mm, da sifirin guda ɗaya: tsakanin harbi 3,000 zuwa 5,000. Mai sifirin biyu a haɗe, irin wanda Glock ta fara sa wa manyan bindigoginta tun zubinsu na huɗu, da ake kira ƙarni na huɗu, a 2010, yana kaiwa 5,000 ba tare da damuwa ba. Samfurin fistol da ake kira 1911 mai bututu inci 5 da harsashin .45 yana zuwa da sifirin mai ƙarfin fam 16, ana kuma canza shi wajen harbi 2,000 zuwa 3,000. Mai inci 4.25 yakan ɗauki fam 18, rayuwarsa ba ta kai ta wancan ba. Gajerun 1911 masu inci 3.5 zuwa ƙasa su ne masu cin sifirin: fam 22 zuwa 24 aka cusa a ɗan ƙaramin wuri, kuma da yawa ba sa wuce harbi 500 zuwa 1,000.

Ƙa'idar a fili take. Gwargwadon gajartar silaid, gwargwadon saurin mutuwar sifirin, domin silaid mara nauyi ta fi gudu, wayar kuma tana matsewa har ƙarshe a kowane zagaye. Harsashi mai zafi ma yana rage kwanan. Iyakar matsin 9mm na yau da kullum fam 35,000 ne a kan kowane murabba'in inci, na mai zafin da ake kira +P kuwa 38,500. Wanda yake yawan harba +P ya rage kashi ɗaya cikin uku daga lissafin da ke sama.

A 1911, duk ranar da aka canza sifirin ɗin mayarwa a haɗa da ɗan ƙaramin sifirin ɗin allurar bugu. A samfuran da ba su da makullin allura, shi kaɗai ne ke riƙe allurar baya idan bindigar ta faɗi ta baki.

Na sayi bindigar hannu na biyu, ban san harbi nawa ta yi ba. Yaya zan gane?

Hanya mafi sauƙi ita ce kada a tsaya bincike: a canza sifirin ɗin mayarwa da na magazin a ranar farko, a fara ƙidaya daga sifili. Amma ga gwaje-gwajen da ke nuna halin da ake ciki.

A ajiye tsohon kusa da sabo iri ɗaya. Kowane sifirin yana ɗan gajarcewa a harbin ɗari na farko sannan ya tsaya, wannan ba komai ba ne. Idan tsohon ya gaza sabon da zagaye biyu zuwa uku na waya, ya gama aiki. A duba ko akwai wurin da wayar ta goge ta yi fele-fele, ko inda ta karkace.

A fistol irin Glock akwai gwajin da masu gyara ke yi. A ɗaga bakin bindigar sama a karkace, a danna kunama a riƙe ta a danne, a ja silaid har ƙarshe, sannan a raka ta gaba a hankali ƙwarai ba tare da an tura ba. Lafiyayyen sifirin zai rufe ta da kansa. Idan ta tsaya saura ƙiris, a canza.

A filin harbi kuma kwanson da kansa yana magana. Bindigar da a da take zubar da kwanso mita biyu daga mai harbi, yanzu da harsashi iri ɗaya tana cilla shi mita huɗu ko biyar, silaid ɗinta ta ƙara gudu.

Idan na sa sifirin mafi ƙarfi ba zai fi daɗewa ba?

Zai rage dukan baya, ya ƙara dukan gaba. Silaid za ta riƙa rufewa da ƙarfi, ta daki ƙafar bututu da sandar da ke riƙe shi, kuma harsashi mai sanyi ba zai iya tura ta har ƙarshe ba, sai kwanso ya riƙa maƙalewa a tagar fita. A zauna a kan ƙarfin da kamfani ya sa.

Barin magazin cike da harsashi yana kashe sifirin ɗinsa?

Abin da ke gajiyar da sifirin shi ne matsewa da sakewa, ba zama a matse ba, muddin ba a matse shi fiye da iyakar da aka tsara masa ba. Magazin mai kyau da aka cika aka ajiye shekaru yakan yi aiki. Wanda ake cikawa ana zazzagewa kowane mako da sunan hutar da shi, shi ne ma ake ƙara wa aiki.

Duk da haka, magazin ne tushen mafi yawan cijewar fistol, kuma a nan tsarin jiran alama ya fi dacewa, da sharaɗi ɗaya: a rubuta wa kowane magazin lamba a gindinsa da alƙalamin fenti. Ba tare da lamba ba, mutum zai ga cijewa ɗaya a yau, ɗaya bayan wata guda, ya ɗora wa bindiga laifi, alhali magazin guda ne ke yi masa haka.

Alamomin sifirin ɗin magazin da ya gaji sanannu ne. Silaid ta daina tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe. Cijewa na zuwa a harsashi biyu ko uku na ƙarshe, inda turin sifirin ya fi rauni. Wani lokaci silaid ta tsallake gindin harsashi ta daki cikinsa, saboda bai taso da wuri ba. Wannan duka sabon sifirin da sabon matashin da ke tura harsashi suna magance shi.

Leɓunan magazin kuwa wani zance ne. Idan sun buɗe ko sun tsage ta bayan kusurwa, harsashi zai riƙa tsalle da kansa idan aka bugi gindin magazin da tafin hannu, ko biyu su fito tare. Ba a gyara wannan da filaya. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka mayar ba ya riƙe siffarsa. A murƙushe shi da guduma kafin a yar, don kada wani ya tsince shi ya mayar cikin jaka.

Magazin ɗin atisaye da ake yarwa ƙasa a ware su daban da waɗanda ake dogaro da su.

Ƙugiyar zaro kwanso fa? Wasu suna cewa a canza ta duk harbi 5,000.

A fistol ɗin zamani mai ƙugiya a waje, abin da ke gajiya shi ne ɗan sifirin ɗin da ke danna ta, ba ƙugiyar ba. Shi za a iya canzawa a wajen harbi 10,000, ko duk lokacin da aka kwance silaid gaba ɗaya. Ƙugiyar kanta ana duba ta ne da gilashin ƙara girma a duk wanki: bakin ya zama mai kaifi, ba ɓallewa a kusurwar ƙasa, ba daskararren baƙi a ƙarƙashinsa. Sau da yawa abin da aka kira mutuwar ƙugiya datti ne da ɓarɓashin tagulla suka taru a ƙarƙashinta suka hana ta kama gindin kwanso. Tsinken roba da buroshi sun isa.

Ta 1911 ta gargajiya dabam ce, domin doguwar sanda ce a cikin silaid wadda ita ce sifirin ɗin kanta. Ana gwada ta haka: a cire silaid, a cire bututu, a zura harsashin gwaji marar albarushi a ƙarƙashin ƙugiyar daga ƙasa. Idan an juya silaid a hankali ya kamata ya zauna, idan an girgiza da ƙarfi ya faɗo. Wanda ya faɗo da kansa yana nuna ƙugiyar ta saki. Ana iya ƙara mata lanƙwasa ta dawo, amma wadda aka gyara sau biyu ta sake saki, ƙarfenta ya mutu. Sabuwa kuma ba ta shiga kai tsaye, sai an daidaita ta. Mai 1911 da ya san abin da yake yi yana sa a daidaita masa ta biyu tun ta farko tana da lafiya, a gwada ta da harbi, a cire a ajiye.

Abu ɗaya yana kashe ƙugiya da wuri a kowace fistol: jefa harsashi da hannu cikin ɗakinsa sannan a saki silaid a kansa. An tsara gindin harsashi ya zamo ƙarƙashin ƙugiya daga magazin, ba ƙugiya ta haye shi da ƙarfi ba.

Waɗanne ƙananan kaya ne ke karyewa ba sanarwa?

Kowane samfuri yana da lagonsa, kuma sanin lagon naka ya fi kowane jadawali na kowa da kowa amfani.

A Beretta 92, tubalin kulle da ke ƙarƙashin bututu yana tsagewa ta gindin fikafikansa biyu. Idan fiffike ya ɓalle, silaid tana iya cijewa ta ƙi motsi kwata-kwata. A duba shi a duk wanki, kuma masu yawan harbi ba sa barin sa ya wuce 20,000. Sifirin ɗin mayarwa da ya gaji shi ne babban abin da ke gaggauta wannan. Sifirin ɗin da ke mayar da kunama ma yana karyewa a wannan samfuri, haka a CZ 75, inda kuma sandar matsayar silaid, wadda bututu ke duka a kowane harbi, takan karye a tsakiya.

A tsofaffin SIG P226 da P220 masu silaid na naɗaɗɗen ƙarfe, tubalin da ke ɗauke da allura fil biyu masu rami ne ke riƙe da shi, ɗaya cikin ɗaya. Ana canza su wajen harbi 5,000, kuma wanda aka fitar ba a mayar da shi.

A Glock na ƙarni na huɗu zuwa baya, akwai ɗan siririn sifirin mai kamar ganye da ke riƙe sandar kwance bindiga. Idan ya karye, sandar ta zame, silaid ta sulale ta gaba ta faɗi. Shi da sifirin ɗin kunama da na allurar bugu, a canza su tare a wajen harbi 10,000 zuwa 15,000, magana ta ƙare.

Waɗannan duka halinsu ɗaya: ba sa sanarwa, suna tsayar da bindiga cak, kuma ba su da tsada.

Waɗanne ne bai kamata a taɓa ba sai da dalili?

Guduma, mariƙin guduma, makullin kariya na babban yatsa a 1911, da duk wani abu da fuskarsa ta goge da ta abokin aikinsa har suka saba. Waɗannan ana gwada su ne, ba a ƙidaya musu kwana. A ɗana guduma, a sa makullin kariya, a danna kunama da ƙarfi, a saki, a cire makullin: guduma kada ta motsa. A ja silaid a saki: guduma kada ta biyo ta. Idan ta biyo ko sau ɗaya, an daina harbi da wannan bindiga har sai mai gyara ya gani, domin mataki na gaba shi ne ta tashi ba a danna kunama ba.

A marar guduma, a cire silaid, a tura allurar bugu gaba da yatsa ba tare da an danna maɓallin makullinta ba. Tsininta kada ya leƙo ta ramin. Sannan a danna maɓallin a girgiza silaid: a ji allurar tana kai da komo a sake. Idan ba ta motsi, ramin ya cika da mai da datti. Wannan rami a bushe ake barin sa, kuma zuba masa mai shi ne sanadin yawancin raunin bugu da ake ɗora wa sifirin.

Na sa sabon kaya. Shi ke nan na huta?

A'a, kuma nan ne masu son canje-canje suka fi faɗawa rami. Kayan ƙarfe suna mutuwa a lokaci biyu: a farkon rayuwarsu idan akwai aibin ƙira, da kuma ƙarshenta idan sun gaji. Abin da ya yi harbi 2,000 lafiya ya riga ya tsallake haɗarin farko. Sabon da aka fitar daga leda bai tabbatar da komai ba tukuna. Yana iya zuwa da taurin da bai yi daidai ba, yana iya zama na wani ƙarni na samfurin, ana kuma iya sa shi a juye. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2011 Glock ta yi shirin musanya sifirin ɗin mayarwa na bindigoginta na ƙarni na huɗu da ta riga ta sayar.

Saboda haka bayan kowane canji a yi gwajin hannu da harsashin gwaji, sannan a harba aƙalla 100 na atisaye, da magazin biyu ko uku na ainihin harsashin da ake dogaro da shi. Bayan canjin ƙugiya ko wani abu a cikin kunama, a kai 200. Kuma a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya idan matsala ake bi. Wanda ya canza abu huɗu rana ɗaya matsalar ta tafi bai san wanne ne ya warkar ba, idan kuma sabuwa ta ɓullo bai san wanne ne ya kawo ta ba.

Daren da za a shiga gasa ko a tafi horo ba lokacin canza komai ba ne. A yi shi makonni biyu kafin nan.

Bindigata ba ta harbi 200 a shekara. Wannan duka ya shafe ni?

Sifirin ɗinka zai yi shekaru goma sha bai kai ƙidayarsa ba. Naka lissafin na kalanda ne. Mai yana bushewa ko ya daskare ya yi danƙo, don haka a goge a sake sawa duk wata uku zuwa shida ko ba a harba ba. Bindigar da ake ɗauka a jiki tana tara zaren tufa da gumi, kuma gumi yana sa tsatsa a sifirin ɗin maɓallin magazin da sukurorin mariƙin hannu.

Saitin dare mai haske da kansa yana aiki da iskar tiritiyom, wadda ƙarfinta ke raguwa da rabi duk shekara 12.3. Bayan shekara goma zuwa sha biyu ya dushe, ba a kuma cika shi a gida, sai sabo. Saitin jan ɗigo kuwa a canza masa batir sau ɗaya a shekara a rana tsayayya, ko da kamfani ya ce yana shekaru. Idan sai an kwance saitin kafin a kai ga batir, a sa sababbin sukurori, a ɗiga musu shuɗin gam na sukuru, a ɗaure da ma'aunin ɗauri gwargwadon abin da kamfani ya rubuta, a ja layin fenti daga kan sukuru zuwa jikin saiti don a gane idan ya juya, sannan a koma fili a tabbatar da saiti.

Harsashin da ke sama a magazin shi ma kaya ne mai ƙarewa. Duk lokacin da aka ɗora shi aka sauke, kansa yana dukan gangaren shiga, a hankali ya nutse cikin kwanso. Wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. A tsayar da shi kusa da sabo a kan tebur. Idan ya gajarce ko kaɗan, an cire shi daga aiki, ba a kuma harba shi a atisaye.

Danna kunama ba harsashi yana shiga ƙidaya?

Yana shiga ta sifirin ɗin kunama, na allura, da allurar kanta. Wanda yake atisayen wofi minti goma kullum yana iya danna kunama sau dubbai a wata, kuma sifirin ɗin kunama bai san bambanci ba. A CZ 75B allurar tana dukan fil ɗin da ke riƙe ta idan ba harsashi, har ya tsage. Harsashin roba mai kushin a gindi yana ɗauke wannan duka. A fistol mai harsashin .22 da ake bugu a gefen gindi, allurar tana iya dukan bakin ɗakin harsashi ta yi masa tabo, sai dai in kamfani ya ce samfurinsa ba ya yin haka.

Bututu yana da ranar canji?

Ga mafi yawan mutane, babu. Bututun 9mm yana cin gomman dubban harsasai kafin saiti ya fara watsewa. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne harsashin da ya maƙale a ciki aka harba wani a bayansa. Wannan yana barin kumburi mai kamar zobe da ake gani idan an haska, ko a ji tsumman wanki ya yi sako-sako a wuri ɗaya. Irin wannan bututu ya tashi daga aiki nan take.

Bindiga mai silinda fa, wadda harsasanta ke cikin ramukan silinda mai juyawa, ba ta da silaid?

Kusan komai nata na dubawa ne, domin kayan cikinta daidaita su ake yi da hannu. A ɗana guduma a hankali a kan kowane rami na silinda: ya kamata a ji silinda ta kulle kafin guduma ta kai ƙarshe. Ramin da sai an taimaka masa da yatsa yana nuna hannun da ke juya silinda ya goge, kuma alamarsa a fili ita ce ɓarɓashin darma da ke fesowa ta gefe. Tazarar da ke tsakanin silinda da bututu takan kasance inci 0.004 zuwa 0.008, ana auna ta da siraran ma'aunan ƙarfe. A auna silinda a ture gaba, a sake aunawa a ja baya. Bambancin shi ne wasan da take yi, kuma idan yana ƙaruwa daga shekara zuwa shekara lokacin mai gyara ya yi.

Abubuwan da suka fi tsayar da ita ba karyewa ba ne, kwancewa ne. Sandar fitar da kwanso tana warwarewa ta hana silinda buɗewa, kuma a Smith & Wesson na zamani zarenta na hagu ne, don haka wanda ya ɗaure ta yadda ya saba kwance ta yake yi. Sukurun da ke danne babban sifirin a gaban mariƙin hannu idan ya ja baya, bugu ya yi rauni. Ƙwayar albarushi guda da ba ta ƙone ba a ƙarƙashin tauraron fitar da kwanso ta isa ta sa silinda ta yi tauri. A riƙa fitar da kwanso baki na kallon sama, a bar ƙarƙashin tauraron a bushe.

Me zan rubuta, me kuma zan ajiye?

Ƙaramin littafi ɗaya ga kowace bindiga: kwanan wata, adadin harbi, irin harsashi, jimilla zuwa yau, kowace cijewa da lambar magazin ɗin da ke ciki da kuma ko harsashi na nawa ne, sai abin da aka canza da lambar kayan. Wanda ƙidaya ke ba shi wuya ya yage murfin kowane kwali da ya harba ya jefa a jaka, ya ƙirga a gida.

Na ajiya: sifirin ɗin mayarwa biyu, na magazin uku ko huɗu da matasansu, ƙugiya ɗaya da sifirin ɗinta, sifirin ɗin kunama ɗaya, na allura ɗaya, da duk abin da aka san lagon samfurinka ne. A bar kowanne a ledarsa mai lamba, domin sifirin ɗin fam 16 da na fam 18 ido ba ya raba su.

Tsohon sifirin ɗin mayarwa da aka cire bisa ƙidaya, yana aiki, ana iya ɗaura masa ɗan tef a rubuta adadin harbinsa a jefa a jakar fili don ranar da wani ya karye ana tsakiyar atisaye. Wanda aka cire saboda ya gaza kuwa a yanke shi biyu da filaya kafin a yar.